Waiwaye: Yadda gwamnatoci suka tunkari tsattsauran ra'ayin addini

Tun ba yau ba masu mulki ke kallon yawan addinai a ƙasa ɗaya a matsayin barazana. A 1555 sarakunan Jamus suka ƙulla yarjejeniya a Augsburg cewa addinin sarki shi ne na talakawansa, wanda bai yarda ba ya kwashe komatsansa. Hakan bai hana yaƙi ɓarkewa tsakanin Katolika da Furotesta a 1618 ba, aka shekara talatin ana gwabzawa. Daular Usmaniyya ta bar wa Kiristoci da Yahudawa shari'ar aurensu da gadonsu, kodayake ba a ajiye su sahu ɗaya da Musulmi ba. Faransa ta raba coci da gwamnati a 1905. Indonesiya kuwa, da ta ayyana 'yancinta a 1945, ta kafa ƙasa kan imani da Allah ɗaya, ba tare da ta ɗaura wa gwamnati addini guda ba.

Babu tsarin da ya tsira daga masu kisa da sunan aƙida, kuma babu addinin da bai ga nasa ba. A watan Maris na 2019 wani mai ƙiyayyar Musulmi ya harbe masallata 51 a Christchurch, bayan mako biyar masu biyayya ga IS suka kashe fiye da mutum 250 a coci-coci da otal-otal na Siri Lanka. A Myanmar, wa'azin ƙiyayya na wasu limaman Buda ya share fagen korar Musulmin Rohingya sama da 700,000 a 2017. To amma wanda ya ce yawan addinai ne ke haifar da wannan, sai ya dubi Somaliya, inda kusan kowa Musulmi ne, ga kuma Al-Shabab. Abin da ya fi maimaita kansa a tarihi shi ne irin martanin da hukuma ke mayarwa.

A gidajen yarin Masar na zamanin Gamal Abdul Nasser, inda aka gana wa 'yan Ikhwan, wato ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi, azaba, tunanin kafirta gwamnati da jama'a ya yi jijiya. An rataye Sayyid Ƙuɗub, ɗaya daga cikin manyan marubutan ƙungiyar, a 1966, sai rubuce-rubucensa suka ƙara daraja a wajen matasa. A 1981 masu irin wannan tunani suka bindige Shugaba Anwar Sadat. A Aljeriya jam'iyyar FIS mai ra'ayin Musulunci ta lashe zagayen farko na zaɓe a Disamban 1991, soji suka soke zaɓen a Janairun 1992, yaƙin da ya biyo baya ya ci rayuka fiye da 100,000.

Najeriya ta ga wannan sau biyu. Rikicin Maitatsine na Disamban 1980 a Kano ya ci mutum 4,177 bisa ƙididdigar kwamitin Mai Shari'a Aniagolu. An kashe Muhammadu Marwa, wato shi Maitatsinen, aka ɗauka magana ta ƙare, sai ga almajiransa a Bulumkutu a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. A Yulin 2009 kuma sojoji suka kama Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, da ransa a Maiduguri. Duniya ta ga bidiyonsa, ba riga, hannu ɗaure da bandeji, yana amsa tambayoyi. Aka miƙa shi ga 'yan sanda, ba a kwana ba sai ga gawarsa. Mutumin da ya kamata ya tsaya gaban alƙali ya faɗi masu ɗaure masa gindi, ya amsa laifin jinin da mabiyansa suka zubar, an mai da shi shahidi a idonsu. A Satumban 2010 suka fasa kurkukun Bauchi, a Agustan 2011 suka tayar da bam a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Abuja.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 ƙasashen Yamma suka ƙara wani salo, wai a gano mutum tun kafin ya ɗauki makami. Faransa ta hana ɗalibai sa hijabi da sauran alamomin addini a makarantun gwamnati a 2004, ta haramta niƙabi a 2010. Birtaniya ta wajabta wa malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, tun 2015, su kai rahoton wanda suke zargin ya fara kaucewa. Ba a musun cewa gwamnati na da haƙƙin kare rayuka, mutum 130 aka kashe a Faris a dare ɗaya a 2015. Illar ita ce kuɗin goron da ake yi wa mai riƙo da addini da mai neman zubar da jini, har gemu da sallar jam'i su zama abin tuhuma. Alhali waɗannan masu riƙon su ne suka fi kowa iya mayar wa ɗan ta'adda hujjarsa. Binciken da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017 ya tabbatar da haka: cikin tsofaffin mayaƙan Afirka da aka zanta da su, kashi 57 cikin 100 sun ce ba su fahimci littattafan addinin sosai ba, kashi 71 kuma suka ce abin da jami'an gwamnati suka yi, kamar kashe ko kama wani nasu, shi ya tunzura su shiga.

Indonesiya ta fi burge ni. Bayan bam ɗin Bali na 2002 da ya kashe mutum 202, ta kafa rundunar 'yan sanda ta musamman, ta riƙa gurfanar da waɗanda ta kama a kotu a bainar jama'a, ta kuma sa tubabbu su yi wa tsofaffin abokansu magana. A Yunin 2024 shugabannin Jama'a Islamiyya, ƙungiyar da ta kai harin na Bali, suka sanar da rushe ta da bakinsu.

Najeriya ma ta buɗe wa 'yan Boko Haram ƙofar tuba a 2016, da sansanin gyaran hali a Malam Sidi ta jihar Gombe. Sai dai shirin na da ciwon da ba a magance ba. Matar da aka yanka mijinta a gabanta tana zaune a sansanin gudun hijira, tana jin labarin an koya wa tubabbe sana'a an sallame shi da jari, ita kuwa ba a kira ta kotu ta ba da shaida ba, ba a kuma biya ta diyya ba.