Mece ce sitoma, kuma yaya aure yake idan miji da mata duka suna da ita?

Sitoma kalmar Girkanci ce, ma'anarta "baki". A wurin likitoci kuwa ƙofa ce da ake buɗewa a fatar ciki da tiyata, a jawo bakin hanji waje a ɗinke, bayan gida ya riƙa fita ta nan yana zuba a jakar da ake mannawa. Ja ce mai danshi kamar cikin kunci. Taɓa ta ba ya zafi, amma ba ta da tsokar riƙewa, don haka mai ita ba shi ke zaɓar lokacin fitar abu ba.

Idan daga babban hanji aka fito da ita, kolostomi ke nan; daga ƙarshen ƙaramin hanji, iliyostomi; ta fitsari kuwa yurostomi. Sankarar hanji da cutar Crohn, wato kumburin hanji mai daɗewa, na jawo ta. A ƙasar Hausa taifot da ya huda hanji ma kan kai mutum ga yin ta, sau da yawa na 'yan watanni kafin a mayar.

Jakar mai mannewa wata nas 'yar Danmak, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro ta a 1954, saboda 'yar'uwarta da aka yi wa aikin ta daina fita don tsoron yoyo a gaban mutane. Wannan tsoron har yau shi ne babban nauyi, musamman wajen neman aure. Yaushe zan faɗa? Idan ta gani fa? Idan jakar ta yi ƙara ana tsakiyar zance?

Inda duka biyun ke da sitoma, waɗannan tambayoyin sun faɗi tun ranar farko. Jaka ta saki cikin dare, ba mai kau da fuska. Ɗaya ya tashi ya canza zanin gado, ɗaya ya shiga bayi. A ganina wannan sauƙin ba ƙarami ba ne, domin kunya ta fi ciwon kansa raba mutane.

Sai dai matsalar wani ba lallai ta zama irin ta wata ba. Abin da ke fita daga iliyostomi ruwa-ruwa ne, mai ita na saurin rasa ruwan jiki da gishiri, har ƙwayar tazarar haihuwa kan iya wucewa jiki bai tsotse ta sosai ba. Tiyatar ƙasan ciki kan taɓa jijiyoyi, namiji ya sami raunin mazakuta, mace ta ji bushewa ko zafi. Duka akwai taimakon likita. Kuɗin jaka kuma ninki biyu ne a gida ɗaya.

Kwanciyar aure halas ɗinsu ce, haihuwa ma tana yiwuwa. Akan zubar da abin da ke jakar tukuna, wasu su rufe ta da ƙyalle, kuma ba a taɓa cusa komai cikin sitomar. Batun alwala, malamai na sa mai ita cikin masu uzuri, kamar mai yoyon fitsari, ya yi sallarsa da jakarsa a jiki.