Scikit-learn

Scikit-learn laburare ce ta manhaja da ake amfani da ita wajen koyon na'ura, wato sa kwamfuta ta koyi yin hasashe daga misalan bayanai, a cikin yaren shirye-shiryen kwamfuta na Python. Kyauta ake samunta, kuma kowa yana da damar duba rubutun shirinta, ya gyara, ya rarraba, domin an sake ta ne a ƙarƙashin lasisin BSD. Tana ƙunshe da dabarun rarrabe abubuwa zuwa rukuni, da hasashen adadi, da tattara bayanai masu kama da juna, da rage yawan siffofin bayanai. An gina ta a kan laburarorin lissafi na NumPy da SciPy, sannan an rubuta sassan da ke buƙatar sauri da Cython, wani yare mai kama da Python amma mai saurin aiki. A cikin rubutun shiri ana kiranta da gajeren suna sklearn.

Tarihi

Aikin ya fara ne a shekarar 2007 a hannun David Cournapeau, a ƙarƙashin shirin Google Summer of Code, wanda kamfanin Google ke ɗaukar nauyinsa domin ɗalibai su yi aiki a kan buɗaɗɗun manhajoji. Sunanta na farko scikits.learn, domin tana ɗaya daga cikin ƙananan kayan aikin da ake ginawa a gefen SciPy ana kiransu SciKits. Daga baya cikin wannan shekarar Matthieu Brucher ya shiga aikin a matsayin wani ɓangare na binciken digirinsa.

Bayan haka aikin ya ɗan yi sanyi, har zuwa 2010 lokacin da masu bincike na cibiyar INRIA ta ƙasar Faransa suka karɓi ragamarsa. Su ne Fabian Pedregosa, Gaël Varoquaux, Alexandre Gramfort da Vincent Michel, kuma a ranar 1 ga Fabrairu 2010 suka fitar da sigar farko ga jama'a. Wasu daga cikinsu masu nazarin hotunan ƙwaƙwalwar ɗan'adam ne, don haka buƙatarsu ta yau da kullum ce ta tura su: suna son kayan aiki da masanin kimiyya wanda ba ƙwararren mai rubuta manhaja ba ne zai iya ɗauka ya yi amfani da shi ba tare da wahala ba. Wannan manufa ta bar tambarinta a kan laburaren har yau. A 2011 suka wallafa maƙalar da ta gabatar da ita a mujallar Journal of Machine Learning Research, kuma maƙalar ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata a fannin. Olivier Grisel da Andreas Müller na cikin waɗanda suka daɗe suna kula da ita.

Abin lura shi ne tsawon lokacin da ta ɗauka tana ɗauke da lambar siga mai farawa da sifili, alhali kamfanoni da jami'o'i sun riga sun dogara da ita. Siga ta 0.20, wadda ta fito a 2018, ita ce ta ƙarshe da ke aiki da Python 2.7. Sai a watan Satumba na 2021 aka fitar da siga ta 1.0, fiye da shekara goma bayan fitowar farko. A wajajen 2018 an kafa wata haɗaka ta kamfanoni a ƙarƙashin gidauniyar Inria domin biyan wasu injiniyoyin da ke aikin cikakken lokaci.

Tsarin aiki

Ƙarfin scikit-learn yana cikin daidaiton tsarinta. Kowane samfuri, wato tsarin lissafin da ke koyo ya yi hasashe, ko na bishiyar yanke hukunci ne ko na layi madaidaici, yana koyo daga bayanai ta hanyar umarni guda mai suna fit, yana yin hasashe da predict, kuma idan aikinsa sauya fasalin bayanai ne sai ya yi amfani da transform. Saboda haka mai bincike yana iya cire wata dabara ya saka wata ta hanyar canza layi ɗaya kacal, sauran shirin ya ci gaba da tafiya yadda yake. An bayyana wannan tsari a wata maƙala ta 2013 wadda Lars Buitinck ya jagoranta, kuma wasu laburarori irin su XGBoost da LightGBM sun samar da hanyar amfani da su bisa wannan salo.

Ba kowace sabuwar dabara ake karɓa ba. Ƙa'idar masu kula da ita ita ce dabarar ta kai aƙalla shekara 3 da wallafawa, an ambace ta sama da sau 200 a rubuce-rubucen ilimi, kuma amfaninta ya tabbata. Wasu sassan aro ne: dabarun SVM, masu rarrabe bayanai zuwa rukuni, suna tafiya a kan laburarorin LIBSVM da LIBLINEAR, waɗanda aka samar a Jami'ar Ƙasa ta Taiwan ƙarƙashin Chih-Jen Lin.

Ba a gina ta domin zurfafan hanyoyin sadarwar jijiyoyi ba, wato manyan samfurori masu kwaikwayon tsarin ƙwaƙwalwa. Wannan fagen laburarorin PyTorch ne da TensorFlow.

Bayanan gwaji

Laburaren tana zuwa da ƙananan tarin bayanai domin koyo. Mafi shahara shi ne na furannin iris: fure 150 daga jinsi 3, kowanne da ma'auni 4, wanda Edgar Anderson ya tattara, Ronald Fisher kuma ya yi amfani da shi a 1936. Akwai kuma hotuna 1797 na lambobin da aka rubuta da hannu. An cire bayanan farashin gidaje na birnin Boston a siga ta 1.2 saboda wani ma'auni da ke cikinsu mai alaƙa da launin fata.

Matsalolin da aka fi cin karo da su

Yawancin kurakuran da masu koyo ke fuskanta suna da tushe a tarihin laburaren ko a tsarinta, kuma sanin tushen ya fi haddace maganin amfani.

Na farko shi ne rikicin suna. Ana shigar da ita cikin kwamfuta da umarnin pip install scikit-learn, amma a cikin shiri import sklearn ake rubutawa. Shekaru da dama akwai wani ƙunshin fanko mai suna sklearn a PyPI, ma'ajiyar laburarorin Python, wanda ke janyo laburaren ta gaskiya, har mutane suka saba da shi. Daga ƙarshen 2022 aka fara janye shi sannu a hankali, kuma yanzu shigar da shi kuskure yake bayarwa. Makamancin wannan shi ne tsofaffin darussa da ke kiran sashen cross_validation, wanda aka cire a siga ta 0.20 aka mayar da ayyukansa cikin model_selection.

Na biyu shi ne fasalin bayanai. Laburaren tana sa ran tebur ne mai layukan kwance na misalai da layukan tsaye na siffofi, wato ma'aunan da ke bayyana kowane misali, ko da siffar guda ɗaya ce. Wanda ya ba ta jerin lambobi kawai zai ga saƙon "Expected 2D array, got 1D array instead". Idan siffa ɗaya ce da misalai da yawa, reshape(-1, 1) ne maganin. Idan kuwa misali ɗaya ne da siffofi da yawa, sai reshape(1, -1). Guraben da babu komai a cikinsu su ma suna tsayar da yawancin samfurori, sai an cike su da SimpleImputer ko an koma ga HistGradientBoostingClassifier wanda ke iya aiki da su a haka.

Akwai kuma gargaɗin da ke cewa lbfgs, wani salon lissafi na horar da samfuri, bai kai ga matsaya ba, wanda ya yawaita tun da siga ta 0.22 ta mayar da shi dabarar asali ta samfurin rarrabewa mai suna LogisticRegression. Mutane da yawa sukan ƙara max_iter, wato iyakar yawan zagayen lissafin, daga 100 zuwa dubbai su wuce. Sau da yawa ainihin ciwon shi ne siffofin ba su kan sikeli ɗaya, wata tana tsakanin 0 da 1, wata tana cikin miliyoyi, kuma StandardScaler ne ke warware shi. An taɓa yin muhawara a kan yadda LogisticRegression ke taƙaita ma'aunansa kai tsaye ba tare da an umarce shi ba. Masana ƙididdiga sun soki hakan, masu kula da laburaren kuma suka kare shi.

Mafi haɗari duka shi ne kuskuren da ba ya fitar da wani saƙo. Idan aka daidaita sikelin bayanai gaba ɗaya kafin a raba su zuwa na horo da na gwaji, labarin bayanan gwajin ya riga ya ɗiga cikin horon, tamkar ɗalibin da ya leƙa takardar jarrabawa tun da dare. Sakamakon zai yi kyau a kan allo, ya faɗi a aikin gaske. Domin kauce wa haka ne aka samar da Pipeline, wanda ke ɗaure matakan shirya bayanai da samfurin wuri guda, ta yadda kowane mataki zai koya daga bayanan horo kaɗai. Haka nan samfurin da aka adana a fayil da kayan aikin pickle ko joblib a wata siga ba shi da tabbacin buɗuwa daidai a wata, kuma bai kamata a buɗe irin wannan fayil daga wanda ba a amince da shi ba, domin yana iya tafiyar da umarni a kwamfutar.

Rubutun Hausa

Kayan sarrafa rubutu na laburaren, wato CountVectorizer da TfidfVectorizer, an saita su ne da tunanin Turanci, kuma wannan yana taɓa Hausa kai tsaye. Ƙa'idarsu ta asali tana ɗaukar kalma ne idan ta kai harafi 2, kuma tana yanke ta a wurin alamar hamza. Don haka "ma'ana" takan rabu ta zama "ma" da "ana", "sana'a" ta koma "sana", kalmar "a" kuwa ta ɓace baki ɗaya. Idan kuma aka saita strip_accents, zaɓin cire alamomin da ke kan haruffa, a kan ascii, haruffa masu lanƙwasa ba sa komawa k, d da b, share su ake yi, sai "ƙasa" ta zama "asa". Mai aiki da rubutun Hausa yana buƙatar ya rubuta nasa token_pattern, wato ƙa'idar yanke kalmomi, wanda zai riƙe hamza a tsakiyar kalma, ya bar strip_accents yadda yake, sannan ya kawo nasa jerin kalmomin da za a tsallake, tun da na Turanci ne kaɗai ke zuwa tare da laburaren.