Rufaffen zauren wasanni na jami'a: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Duk lokacin da labari ya ɓulla cewa wata jami'a ta buɗe katafaren zauren wasanni da taro, sai wayata ta cika da tambayoyi iri ɗaya daga ɗalibai da iyaye a nan Sakkwato, don sun san na daɗe ina koyar da ƙwallon kwando. Ga amsoshin wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Ba ga filin wasa na Giginya ba? Me za a yi da wani?

Giginya buɗaɗɗen fili ne, wannan kuwa gini ne mai rufi. Ɗan'uwa, tsaya tsakiyar fili da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka ga ko za ka iya atisaye.

Wane wasa ake yi a ciki?

Ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon hannu, badiminton da ƙwallon tebur. Daɓe ɗaya ne, ana zana masa layuka masu launi daban-daban. Filin ƙwallon hannu ne babba, mita 40 da 20, don haka na kwando mai mita 28 da 15 da na raga mai 18 da 9 duk suna shiga cikinsa.

Za mu iya karɓar haya don walima ko saukar karatu?

To, a nan sai mu bi a hankali. Mai yiwuwa ne, amma ya danganta da dokar jami'ar, da lokacin da kuka nema, da kuma irin daɓen. In siminti ne ko roba mai kauri, da sauƙi. In katako ne, gaskiya ina jin tsoro. Ƙafar kujerar ƙarfe tana kwarzane shi, tsinin takalmin mata yana huda shi, zoɓo ko ruwan wanke hannu in ya kwana a kai sai katakon ya kumbura ya tashi. Na taɓa ganin yaro ya taka irin wannan kumburin yana tsaka da gudu, idon sahunsa ya gurɗe, gasar da ya yi wata da watanni yana shiri ta wuce shi.

Saboda haka kafin ku biya ko sisi, Alhaji, ku tambaya ko suna da shimfiɗar da ake rufe daɓen da ita, kuma wa zai shimfiɗa, wa zai naɗe. Ku tambaya ko dizal na cikin kuɗin hayar, domin gini irin wannan in wuta ta ɗauke da rana, cikin ɗan lokaci kowa zai jiƙe sharkaf da zufa. A yi komai a rubuce. Duk da haka ba zan ba ku tabbaci ba, domin in ranarku ta yi karo da jarrabawa ko bikin yaye ɗalibai, jami'a za ta fifita nata, kuma tana da gaskiya. In dai da rabon abinci a taron, shawarata ku nemi wani wuri a cikin gari, ko a ci a waje ƙarƙashin rumfa.

Wa ke biyan kuɗin ginin?

A jami'o'in gwamnati galibi TETFund ne, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, daga harajin da kamfanoni ke biya, ko gwamnati, ko wani mai hannu da shuni. Ni abin da ke damuna shi ne bayan an yanke kyalle baƙi sun watse. Ƙurar hunturu kaɗai, in ba a goge daɓen kullum, sai ya koma santsi.

Wannan ba almubazzaranci ba ne, ga ƙarancin ɗakunan kwana?

Haba! A nemi ɗakunan kwana, ina tare da ku, amma a daina ɗaukar wasa aikin banza. Tun 1966 jami'o'in ƙasar nan ke gasar wasanni tsakaninsu, wato NUGA. Ɗalibinmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Dundaye in ya je can, da waɗanda suka saba da daɓen cikin gida zai kara. Kuma zauren nan shi ne zai ɗauki jarrabawa da rantsar da sababbin ɗalibai.

'Yata tana son wasa. Ya dace?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Rufaffen wuri ya fi mata sutura, kuma ana iya ware wa mata lokacinsu, ku dai ku nemi a yi hakan. Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta amince a yi wasa da rufin kai. 'Yan matan Nijeriya, D'Tigress, sun kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024.

Zan iya shiga da silifas?

A'a. Kambas mai tsabta, ka riƙo shi a hannu, sai ka zo bakin ƙofa ka sa.