Waiwaye: Yadda Aka Koyi Ƙiyasta Ƙarfin Guguwar Teku

Idan aka ce guguwar teku ta doshi gaɓa da iska mai gudun kilomita 250 a awa, yawanci ƙiyasi ne, ba wani ma'auni aka kafa a tsakiyarta aka karanta ba.

A Yulin 1943 wani hafsan sojan saman Amurka, Joseph Duckworth, ya kutsa da ƙaramin jirgin horo cikin wata guguwa a gaɓar Texas, ya kuma fito lafiya. Daga nan aka fara tura jirage su leƙo. A 1960 tauraron ɗan'adam na TIROS-1 ya fara turo hotunan gajimare, sai wani masanin yanayi Ba'amurke, Vernon Dvorak, ya fito da dabara a shekarun 1970 ta gane ƙarfin guguwa daga siffarta: yadda gajimaren ya nannaɗe, da yadda idon tsakiya ya buɗe. Har yau da ita ake aiki inda jirage ba sa zuwa.

Guguwar Andrew ce ta tona asirin gibin da ke akwai. Daga gaɓar Afirka ta Yamma ta taso, ta afka wa kudancin Florida ranar 24 ga Agustan 1992, ta lalata ma'aunan iska, har na'urar radar da ke kan rufin cibiyar hasashen guguwa ta Amurka sai da ta yi awon gaba da ita. Aka sa ta a mataki na 4 a ma'aunin ƙarfin guguwa mai matakai 5, wanda na 5 ne mafi tsanani. Jirgi dai a tsayin kusan kilomita 3 yake aunawa, gudun iskar da ke ƙasa kuwa lissafi ne. Sai daga 1997, da aka fara jefa ƙananan na'urori masu GPS daga jirgi, aka gano iskar ƙasa takan kai kusan kashi 90 cikin ɗari na ta sama, fiye da yadda ake zato. A 2002 aka ɗaga Andrew zuwa mataki na 5.

Ko wajen lissafin ma bakin bai zo ɗaya ba: Amurka na ɗaukar matsakaicin gudun iska na minti 1, Indiya minti 3, mafi yawan ƙasashe minti 10. Alhali bugun 'yan daƙiƙoƙi shi ke yaye kwanon rufi. A 1996 guguwar Olivia ta yi irin wannan bugu na kilomita 408 a awa a tsibirin Barrow na Ostireliya.

Hasashen hanyar da guguwa za ta bi ya inganta ƙwarai, na ƙarfinta ne ke jan ƙafa. A Oktoban 2023, guguwar Otis ta tashi daga mai matsakaicin ƙarfi zuwa mataki na 5 cikin ƙasa da kwana guda, ta faɗa wa birnin Acapulco na Meziko da tsakar dare, mutane da dama ba su ankara ba.