Idan aka rufe injin binciken kyauta da shafinka ya dogara da shi, ina mafita?

Wai da gaske kamfani kan rufe abin da dubban shafuka ke amfani da shi?

Ƙwarai kuwa, kuma ba yau aka fara ba. A Nuwamban 2010 Google ya sanar cewa zai yi watsi da Web Search API ɗinsa, wato hanyar da shafuka ke bi su yi amfani da bincikensa, ya kuma kashe shi a 2014. Yahoo ya rufe nasa irin wannan tsarin, BOSS, a ƙarshen Maris na 2016. Google Site Search, wanda ma na kuɗi ne, ya daina aiki a Afrilun 2018. Microsoft kuma ya janye Bing Search API a ranar 11 ga Agusta, 2025. Tattara shafuka da amsa tambayoyin jama'a aiki ne mai cin kuɗi, duk ranar da kamfani ya ga lissafin bai fita ba, sai ya naɗe tabarmarsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na ga sanarwar rufewa. Me zan fara yi?

Ka rubuta ranar a inda za ka riƙa ganinta. Sannan, kafin ka shiga neman madadi, ka sauke duk bayanan abin da mutane ke nema a shafinka, idan tsarin yana ba da su. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi ba ni takaici, domin ranar da aka rufe asusun ya tafi ke nan. Jerin nan shi zai nuna maka kalmomin da aka fi bugawa, da waɗanda ake nema ba a samu komai ba. Da shi za ka auna duk injin da za ka gwada nan gaba.

Ka kuma duba adireshin imel da aka buɗe asusun da shi. Sau da yawa sanarwa tana zuwa ne akwatin wanda ya gina shafin shekarun baya, ya daɗe da barin aikin. Mai shafi ba ya sanin komai sai ranar da mai karatu ya rubuta kalma, ya danna, alama ta yi ta juyawa, fili ya fito fari fat.

Akwai abin wucin gadi da zan saka yau?

Akwai. Ka sa akwatin bincike na shafinka ya tura tambayar zuwa Google ko DuckDuckGo tare da kalmar site: da sunan shafinka. Aikin 'yan mintuna ne. Illarsa ita ce mai karatu zai bar shafinka, kuma sabon rubutun da injin bai riga ya gani ba ba zai fito ba.

To, mafita mai ɗorewa fa?

Ya danganta da yadda aka gina shafin. Idan rubuce-rubucenka suna cikin rumbun bayanai, wataƙila maganin yana hannunka ba ka sani ba: manhajojin rumbun bayanai irin su PostgreSQL da MySQL duk suna iya binciken cikakken rubutu, SQLite ma yana da nasa mai suna FTS5. WordPress, manhajar gina shafuka, yana zuwa da nasa binciken, ko da yake jera sakamakonsa ba ya gamsarwa sosai.

Idan shafin tsayayyun fayiloli ne kawai, ba rumbun bayanai a bayansa, ni Pagefind nake ba da shawara. Yana haɗa fihirisa, wato jerin kalmomi da inda kowace take, a lokacin da ake gina shafin, ya yanka ta ƙanana ƙanana, burauzar mai karatu ta sauke gutsuren da take buƙata kaɗai. Lunr kuwa, wani makamancinsa, fihirisar gaba ɗaya yake ɗora wa burauza, abin da ke yin nauyi idan rubutu ya yi yawa.

Manyan shafuka su ke buƙatar injin kansu, irin su Meilisearch, Typesense, Solr ko OpenSearch. Manhajar kyauta ce, amma sabar, wato kwamfutar da za ta ɗauki injin, da kulawar dare da rana suna wuyanka. Kada ka ɗauki wannan kaya idan rubutunka bai wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Yaya zan gane sabon injin ya yi?

Ɗauko kalmomi 20 ko 30 daga jerin da ka adana, ka buga su ɗaya bayan ɗaya. Ka gwada da kuskuren rubutu. Idan shafin na Hausa ne, ka buga "kasa" ka ga ko zai kawo "ƙasa", domin masu karatu da yawa ba sa saka ƙ, ɗ da ɓ a waya. Ba kowane inji ke haɗa su da kansa ba, sai an saita masa. Ka gwada jam'i ma: mai neman "makaranta" yana son ganin "makarantu".

Idan na koma wani na kyauta, ba zan sake shiga wannan halin ba?

Za ka iya. Abin da zai rage maka wahala shi ne akwatin ya riƙa tura tambaya zuwa adireshi ɗaya a cikin shafinka, daga nan ne za a miƙa ta ga injin. Ranar da aka sake yin sanarwa, wuri ɗaya za ka taɓa. Jerin tambayoyin masu karatu kuma ka riƙa ajiye shi a wurinka tun daga yau.