Farin layi kaɗai ba ya kare mai keke

Mutane da yawa na ɗauka cewa da an shata farin layi a gefen titi, hanyar keke ta samu. Ina! Fenti ba ya tare mota. Direba zai hau layin, ko ya faka a kai, dole mai keke ya kutsa cikin motoci.

Inda gudun motoci ya wuce kilomita 30 a awa, shinge ake buƙata, dakalin kankare ko turaku. Faɗin hanyar keken kada ya gaza mita 1.5, amma mita 2 ya fi, don wani ya iya wuce wani. Idan ana fakin a gefe, a bar tazarar kusan mita 1, saboda ƙofar da aka buɗe kwatsam tana kayar da mutum. A mahaɗa aka fi yin karo, lokacin da mota ke kwana, kuma a nan ne aka fi katse shingen.