Dawakan yumɓu a bakin ƙauye: wurin bautar Ayyanar a kudancin Indiya

Wane ne Ayyanar?

Abin bautar ƙauyawan jihar Tamil Nadu ne, kuma a wurinsu shi ne mai gadin gari. Suna cewa idan dare ya raba yakan hau doki ya zaga gonaki da bakin tafki yana korar miyagun iskoki. Shi ya sa ake kafa wurin bautarsa a bayan gari, cikin kurmi ko kusa da tafkin ban ruwa. Sau da yawa ko rufi babu. Gunki ne a gindin bishiya, matansa biyu, Purana da Pushkala, a dama da hagu.

To ina ruwan dawaki?

Mai sintirin dare yana bukatar abin hawa, sai mutane su ba shi na yumɓu. Wanda ya yi bakance kan ruwan sama ko lafiyar ɗansa, idan bukata ta biya, doki yake kaiwa. A ƙauyen Namanasamudram da ke gundumar Pudukkottai, dawakai ne jere a gefen hanyar shiga, da giwaye jefi-jefi, wasu fentinsu sabo fil, wasu kai ya guntule.

Ginin ma abin kallo ne. Magina tukwane na ƙabilar Velar suna kwaɓa yumɓu da buntun shinkafa, su fara da ƙafafu huɗu masu rami a ciki, su bari su sha iska, sannan ciki da wuya da kai. Babban doki a inda aka gina shi ake gasa shi, don wani ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Ido ne ƙarshen aiki. Sai an zana shi ake ɗaukar dokin ya rayu, a ɗauko shi da kiɗa a kai wurin.

Birahman, wato ajin limaman addinin Hindu, su ne ke jagorantar bautar?

Galibi a'a. Sau da yawa maginin da ya gina dokin shi ne mai hidimar wurin, gado ne. Ayyanar ba a yi masa yanka. Madara, kwakwa da dafaffiyar shinkafa ake ba shi. Akuya da zakara na Karuppasamy ne, mataimakinsa mai riƙe da adda, kuma a gefe ake yankan.

Tun yaushe ake wannan?

Akwai sassaƙen Ayyanar na dutse tun zamanin sarakunan Pallava, wajen ƙarni na 7, da na tagulla daga zamanin sarakunan Chola. Amma babban haikalin birnin Thanjavur da sarki Rajaraja ya kammala a 1010 tarihinsa na rubuce a jikin bango, na ƙauye kuwa a bakin dattawa yake, da tarin tsingaron tsofaffin dawaki. Wanda ya fashe akan bar shi ya koma ƙasa, a kawo sabo.

Har yanzu ana yi?

Ana yi, sai dai siminti ya shigo. Dokin siminti yana jure damina shekara da shekaru, kuma ni a ganina nan ne maginin yumɓu ya fara rasa cinikinsa.